Kafin Ka Jona Katin Miliyoyi da Wutar Gidanku: Shawarwari Kan Zaɓen Fawa-fak

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutar wasa, ko ya biya aka haɗa wa ɗansa, ya san yadda lissafin yake tafiya. Kaso mafi tsoka na katin hoto ne, wanda masu sana'ar ke kira girafiks. Daga nan sai furosesa, sai allon kallo, sai akwati mai gilashi da fitilu masu canza launi. Kafin a iso kan fawa-fak, wato baƙin akwatin ƙarfen nan da ke karɓar wuta daga bango ya daidaita ta ya raba wa sauran kayan, aljihu ya riga ya yi sanyi. Sai ka ji an ce wa mai shago, "Alhaji, ba mu kowanne ma, in dai zai ɗauka."

Zai ɗauka ɗin, na sati biyu ko wata uku. Abin da ake mantawa shi ne, fawa-fak ne kaɗai ke tsaye tsakanin wutar unguwarku da kayan da suka fi komai tsada a ɗakin. Masu gwajin kayan kwamfuta da matasanmu ke kallo a YouTube yawancinsu a Amurka da Jamus suke, inda wuta ke zuwa ba hawa ba sauka, ɗakin kuma da sanyinsa. Shawararsu kan yawan wat tana da amfani, sai dai ba ta san lo ba, wato saukar ƙarfin wuta, ba ta san janareta ba, ba ta san ƙurar hunturu ba. Abin da ke biye na wanda zai jona kwamfutarsa ne a Kano ko Damagaram ko Maiduguri.

1. Ka fara da sanin cin katinka.

Kowane kati yana da adadin wutar da yake sha, da wat ake aunawa, kuma a rubuce yake a shafin kamfanin. RTX 4090 na Nvidia, da ya fito a Oktoban 2022, yana shan wat 450, kamfanin ya ce a ba shi fawa-fak mai 850 ko fiye. Magajinsa RTX 5090 na Janairun 2025 ya haura zuwa 575, ana nema masa 1000. RTX 5080 yana shan 360, ana nema masa 850, RTX 4080 kuwa 320 ne, ana nema masa 750. A ɓangaren AMD, RX 7900 XTX yana shan 355, aka ce a ba shi 800, RX 9070 XT kuma 304, aka ce 750.

Sai dai kati ɗaya kamfanoni da yawa ke haɗa shi, irin su Asus da MSI da Zotac da Sapphire, wasunsu kuma sukan ƙara masa gudu tun daga masana'anta, cinsa ya ƙaru. Don haka ainihin samfurin da ke hannunka za ka duba, ba sunan gidansu kawai ba.

2. Ka yi lissafin da kanka, ka bar sarari a sama.

Abu biyu ne ke shan wuta da gaske a kwamfuta: kati da furosesa. Sauran duka, madabod da ma'adanar bayanai da fankoki da fitilu, ka ware musu wat 75 ya ishe su a yawancin haɗi. Furosesa kuwa sun bambanta ƙwarai. Core i9-14900K na Intel yana kaiwa wat 253 idan aka matsa masa. Ryzen 7 9800X3D na AMD an rubuta masa 120, kuma ko an matsa masa bai wuce kimanin 160 ba.

Ga misali. RTX 5080 da wannan Ryzen ɗin: 360 da 160 da 75, ya kama 595. Ƙara kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari a kai, ka faɗa wajen 800, sai ka sayi mai 850. RTX 4090 da i9: 450 da 253 da 75, ya kama 778. A nan 850 ɗin da Nvidia ta faɗa ya yi ƙunci, ni dai 1000 zan ce. RTX 5090 da i9 kuwa ya wuce 900 tun kafin a ƙara komai, gara a tafi 1200.

Akwai wata fahimta da ke hana iyaye sakin kuɗi, ya kamata a warware ta. Maigida yana ganin an rubuta 1000 a jikin kwali sai ya tuna mita, ya ce wannan abu zai cinye masa yunit kamar dutsen guga. Ba haka ba ne. Lambar nan tamkar lodin da aka rubuta a jikin mota ce: motar da ke iya ɗaukar buhu ɗari ba kullum take ɗauke da ɗarin ba. Idan yaro yana karatu ko kallon bidiyo, kwamfutar ba ta fi shan wajen wat 100 ba, ko da fawa-fak ɗin mai 1000 ne. Sai ya shiga wasa mai nauyi cin yake tashi.

Kada kuma a wuce gona da iri. Sayen mai 1600 don katin da ke shan 300 asarar kuɗi ce kawai.

3. Ka nemi wanda aka rubuta wa ATX 3.0 ko 3.1.

Manyan katuna ba su shan wuta a miƙe. A tsakiyar wasa kati kan yi wani fizgo na ƙasa da ƙiftawar ido, ya ja ninki biyu na abin da aka rubuta masa, sannan ya koma daidai. Tsohon fawa-fak yana jin wannan fizgon sai ya ɗauka wayoyi ne suka haɗu, ya kashe kansa don kariya. Wannan ya addabi masu RTX 3080 da 3090 a lokacinsu: wat ya isa a takarda, amma ana cikin wasa allo ya yi baƙi, kwamfuta ta mutu ba sallama.

Shi ya sa a 2022 Intel ta fitar da ƙa'idar ATX 3.0. A ƙarƙashinta, fawa-fak ɗin da ya haura wat 450 kuma yake da sabon bakin waya dole ya jure ninki biyu na ƙarfinsa na ɗan wannan lokaci, kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa. ATX 3.1 ta biyo baya a 2023 da gyaran bakin wayar. In sabo za ka saya yau, kuma katinka babba ne, babu dalilin ɗaukar wanda ba ya ɗauke da ɗayan waɗannan biyun.

4. Ka juya shi ka karanta takardar gefe.

Babbar lambar da ke gaban kwali talla ce. Gaskiyar tana kan ƙaramar takardar da aka manna a jikin ƙarfen. Nemi layin da aka rubuta +12V, domin daga nan kati da furosesa ke sha. Za ka ga adadin amfiya a ƙarƙashinsa, sai ka ninka shi sau 12. Fawa-fak na kirki mai 850 zai nuna kusan amfiya 70, wanda ya ba ka 840 ko sama. In ka ga an rubuta 850 a gaba amma layin 12 ɗin amfiya 45 ne, to mai 540 ne aka yi wa babbar riga. Ajiye shi.

Ka duba kwali ko littafinsa kuma ka ga jerin kariyar da yake da ita: OVP da UVP na hawa da saukar ƙarfin wuta, OCP da OPP na lodi ya yi yawa, SCP na haɗuwar waya, OTP na zafi. Wannan na ƙarshen shi masu araha suka fi tsallakewa, mu kuwa shi muka fi bukata.

5. Bakin wayar nan mai fin 16, a nan gizo ke saƙar.

Manyan katunan Nvidia tun daga jerin 40 suna amfani da wani ƙaramin baki da ake kira 12VHPWR: fin 12 na wuta, da wasu ƙanana huɗu da ke shaida wa kati cewa an jona waya da kuma iya ƙarfinta. An tsara shi ya ɗauki har wat 600. Yi lissafi ka ga inda matsalar take. Wat 600 a kan bolt 12 amfiya 50 ke nan, waya shida ke raba su, kowace sama da amfiya 8, alhali iyakar kowane fin bai kai 10 ba. Tsohon baki mai fin 8 kuwa wat 150 kawai yake ɗauka, kowace waya amfiya 4 da ɗan ɗori. Tsohon yana da sarari mai yawa in an yi kuskure, sabon ba shi da shi. Fin ɗaya ya ƙi zama daidai, sauran su ɗauki lodinsa, roba ta fara narkewa.

Haka kuwa aka yi. Makonni kaɗan da fitowar RTX 4090 hotunan bakunan da suka narke suka cika intanet. A Nuwamban 2022 Nvidia ta ce ta san da kusan guda 50 a duniya, ta kuma ɗora laifin kan rashin tura wayar har ƙarshe. Daga baya aka sake fasalin bakin aka kira shi 12V-2x6: aka rage tsawon ƙananan fin huɗun nan, ta yadda in waya ba ta shige duka ba kati ba zai samu izinin jan cikakkiyar wuta ba. Gyaran ya taimaka, amma bai kashe maganar ba, domin an sake ganin narkewa a kan RTX 5090 a farkon 2025.

Ga yadda za ka yi. Ka yi amfani da wayar da ta zo da fawa-fak ɗinka, wadda ke tafiya kai tsaye daga shi zuwa kati, ka kuma tabbata an rubuta 600W a kanta idan katinka 4090 ne ko 5090. Ka jona ta tun kati yana inda hannunka da idonka ke kaiwa. Ka tura har sai ka ji ƙas na makullin. Bakin yana da tauri, mutane da yawa sukan tsaya a rabin hanya suna tsoron karya kati. Bayan nan kunna fitilar wayar salularka ka haska gefe da gefe: kada ka ga ko siririn rata tsakanin robar waya da robar kati, ko na kaurin farce. MSI ma har rawaya take shafa wa bakin wasu wayoyinta, don in ka hango rawaya ka san bai shige ba. Sannan kada ka lanƙwasa wayar dab da baki, ka bar mata kamar milimita 35 a miƙe, faɗin yatsu biyu ke nan, kafin ta karkata. In murfin gilashin ba zai rufu ba sai ya danne ta, akwatin ne ya yi kaɗan. Kada ka danna da gwiwa.

Ƙananan mahaɗai masu kusurwa da ake sayarwa don magance wannan matsi, ka bar su a shago. Kamfanin CableMod, wanda ya fi kowa suna a kansu, sai da ya janye nasa daga kasuwa a 2024 saboda narkewa. Kowane mahaɗi da ka ƙara, ka ƙara wurin da zafi zai taru.

In tsohon fawa-fak mai kyau gare ka, kuma dole ka yi amfani da reshen da ke zuwa cikin kwalin kati, to ka cika dukkan bakunansa, uku ne ko huɗu, kowanne da wayarsa daban.

6. Kowane baki da wayarsa, kuma kada ka gauraya wayoyi.

Yawancin katunan AMD da tsofaffin na Nvidia suna da baki mai fin 8 guda biyu ko uku. Wayoyin fawa-fak da yawa suna zuwa da kai biyu a jiki ɗaya, ɗaya na reto a bayan ɗaya. Ga ƙaramin kati babu laifi. Ga katin da ke shan 300 ko fiye, ka jawo waya daban daga fawa-fak zuwa kowane baki, ka ɗaure kan da ya rage a gefe. Tun a shago ka ƙirga bakunan katinka, ka ƙirga wayoyin da ke cikin kwali.

Na biyun ya fi haɗari. Fawa-fak na zamani wayoyinsa cirewa ake yi, kuma bakin da ke shiga jikinsa ba shi da ƙa'ida ɗaya tsakanin kamfanoni. Wayar Corsair tana iya shiga ramin Seasonic lafiya lau, amma tsarin fin ɗin daban, sai bolt 12 ya tafi inda ake jiran 5. Ko a kamfani ɗaya ma samfuri kan saɓa wa samfuri. Mai gyara ya canza maka fawa-fak ya bar tsofaffin wayoyi don ƙyuyar sake jera su, da kunnawa ɗaya ma'adanar bayananka ta ƙone da duk abin da ke cikinta. Ka tsaya a kansa ya cire tsofaffin duka.

7. Tambarin 80 Plus ba shaidar inganci ba ne.

Tambarin nan mai Bronze da Gold da Platinum da Titanium abu ɗaya yake aunawa: kashi nawa na wutar da aka ja daga bango ke isa ga kwamfuta, nawa ke zama zafi. A wuta irin tamu mai bolt 230, Bronze yana ba da tsakanin kashi 85 zuwa 88, Gold kuma 89 zuwa 92. A ce kwamfutarka tana bukatar wat 500. Mai kashi 85 zai ja 588 daga bango, mai kashi 92 zai ja 543. Bambancin wat 45 ne. In ana wasa awa huɗu kullum, yunit biyar da ɗan kai ne a wata. Ko a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa masu wutar rukunin A a Afrilun 2024, kuɗin bai kai 1,300 ba. Don haka ba don mita za ka sayi Gold ba. Amfaninsa shi ne zafin da yake fitarwa rabin na wancan ne, ga mai batirin sola kuma kowane wat yana da daraja.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A 2021 masu gwaji, ciki har da tashar Gamers Nexus, sun nuna wasu samfura biyu na Gigabyte, GP-P750GM da GP-P850GM, suna tartsatsi suna mutuwa a wajen gwajin lodi, alhali duka biyun Gold ne. Sai da kamfanin ya buɗe ƙofar musanya. Darasin bai tsaya kan kamfani ɗaya ba, domin yawancin sunayen da ka sani ba su ke ƙera kayan da kansu ba. Masana'antu irin su Channel Well da Great Wall da FSP da Seasonic ne ke yi musu, suna ɗaya kuma yana iya zama a kan mai kyau da marar kyau. Ka rubuta cikakken sunan samfurin a intanet ka nemi wanda ya buɗe cikinsa ya gwada shi da na'ura. Masu gwaji na Cybenetics ma suna wallafa sakamakon gwajinsu, har da na ƙarar fanka. Gold ya ishi gida. Platinum da Titanium sai in kuɗi sun yi saura.

8. Yanzu sai wutar bango, wadda ita ce ainihin maganarmu.

A takarda wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220. A zahiri kowa ya san yadda ƙwan fitila ke komawa ja da magariba idan unguwa ta kunna kaya. Saboda haka ka duba wajen da aka rubuta ƙarfin wutar shiga. Wanda aka rubuta wa 100–240V shi za ka ɗauka, domin ko wuta ta sauka zuwa 160 zai ci gaba da aiki. Akwai masu rahusa da aka rubuta wa 200–240V kawai, su kam da an yi lo sai su fara kashe kansu. In kuma ka ga wani da ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230, tsohon yayi ne, bai dace da babban kati ba, yaro kuma na tura makunnin nan zuwa 115 za ka ji fas.

Lo yana wahalar da kaya, amma wutar da ta zo da ƙarfi ita ke kisa, musamman daidai lokacin da aka maido ta ko waya ta tsinke a taransifoma. Kariyar da ke cikin fawa-fak ba a yi ta don wannan ba. Ka sa na'urar gadi a bango, irin wadda ake sa wa firji, mai yanke wuta in ta wuce kima, mai kuma jinkirta maidowa har ta lafa. In unguwarku ta masu lo ce sosai ka ƙara da sitabilaiza, ka ɗauki mai ninki biyu na lodinka, domin ƙarfinta raguwa yake yi idan wutar da ke shiga ta yi ƙasa.

Sai UPS. A nan mutane ke faɗawa rami biyu. Na farko, lambar VA ba wat ba ce. Ɗan ƙaramin nan mai 650VA da ke kowane ofis wat 360 zuwa 390 kawai yake bayarwa, kana cikin wasa aka ɗauke wuta zai yi ƙara ɗaya ya mutu tare da kwamfutar. Mai 1500VA yakan ba da wajen 900, daga nan ya kamata mai babban kati ya fara, mai 5090 kuma ya haura. Na biyu, fawa-fak na zamani yana son wuta mai santsi irin ta layi, wadda ake rubuta wa Pure Sine Wave a jikin kwali. UPS da inbata masu araha wuta mai gargada suke fitarwa, wasu fawa-fak ɗin su yi ta zuza, wasu su mutu daidai lokacin sauyi. Kuma ka sani, aikin UPS ya ba ka minti kaɗan ka adana wasa ka kashe. Ba don a ci gaba da buga ƙwallo aka yi shi ba.

In gidan yana kan inbata, duba bayanta, da yawa suna da makunnin zaɓi tsakanin yanayin UPS da na yau da kullum. Ka sa ta a na UPS. Abin da ƙa'ida ta wajabta wa fawa-fak shi ne ya riƙe kwamfuta na kashi 12 zuwa 17 cikin dubu na daƙiƙa kawai bayan yankewar wuta, inbata mai nawar sauyi kuwa takan wuce haka. Ka kuma yi wa uwargida adalci a lissafin batir. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da yunit 2.4, kuma in mai ruwa ne rabinsa kawai ya kamata a sha. Kwamfutar da ke jan 600 da allonta za ta lashe wannan rabin cikin ƙasa da awa biyu, a kwana ba fanka. Akwai sauƙi: da manhaja irin MSI Afterburner kana iya rage iyakar cin kati zuwa kashi 75 ko 80, gudun wasan ya ragu kaɗan, wuta da zafi su ragu sosai. Ni a ganina duk mai babban kati a ƙasar zafi ya kamata ya yi haka ko da wutar layi yake.

Ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai, ƙarfinsa bai wuce wat 650 zuwa 800 ba, wutarsa kuma rawa take yi. Kada a jona masa. Babba ma, a kashe kwamfuta kafin a juya layi, kuma kada a bari mai ya ƙare tana kunne, domin lokacin da inji ke shaƙewa yana tashi yana faɗuwa, haka wutarsa ke yi.

9. A duba soket da wayar ƙasa.

In ka taɓa bayan akwatin kwamfuta ka ji tana ɗan cizonka, ba lalacewa fawa-fak ya yi ba. Yana zubar da 'yar ragowar wuta ta ƙafa ta uku, gidan ne ba shi da wayar ƙasa, ko kuwa an yanke ta a wani wuri. Gidaje da yawa ƙafa ukun ado ce, bayan soket waya biyu ce kawai. Ka kira mai gyaran wuta ya kafa sandar ƙasa ya haɗa ko da soket ɗin ɗakin nan kaɗai. Na'urorin kariya da yawa ma ba sa cikakken aiki in babu ita.

Doguwar wayar rabon wuta ta naira kaɗan, wadda fulogi ke rawa a cikinta, ba wurin kwamfuta ba ce. Kuma kada ta haɗa layi da dutsen guga ko hita.

10. Zafi da ƙura.

A littafin fawa-fak akan rubuta zafin da aka auna ƙarfinsa a kai. Na kirki 40 ne ko 50 a ma'aunin Salsiyos, masu araha 25 ko 30. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu iskar waje kanta tana wuce 40, balle ɗakin da ke ƙarƙashin kwano. Wanda aka auna a 30 ba zai ba ka abin da ya rubuta ba a wannan yanayi. Ka nemi mai 50 in da hali.

Wasu suna da maɓalli a baya da ke tsayar da fanka idan lodi ba yawa, don a samu shiru. A bazara ka bar fankar ta yi ta juyi. In akwatinka yana da ƙofar iska a ƙasa, fankar fawa-fak ta kalli ƙasa, amma fa kada a ajiye akwatin kan kafet ko darduma, a ɗora shi kan tebur ko katako. A ƙarƙashin akwai 'yar raga da ake zarowa. Zaro ta bayan sati biyu da shigar hunturu ka gani: ta yi fari fat, ƙura ta toshe idanunta har tana ɓarewa kamar fata. A wanke ta, a shanya ta bushe sarai, a mayar.

11. Na hannu, da maganar garanti.

Akwati na hannu babu laifi, allon kallo ma haka. Fawa-fak na hannu kuwa caca ce, domin tsufansa a ciki yake, ba ya nunawa a fenti. Tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katunan hoto a Satumban 2022, kayan da suka shekara suna aiki dare da rana a rumbunan haƙar kirifto suka watsu a kasuwannin duniya, an goge su tas. Mai shago zai jona maka, fanka ta juya, ya ce, "Ka gani ai, lafiyarsa ƙalau." Juyin fanka ba ya nuna komai. In dole ne sai na hannun, ka ce a sa shi a kwamfuta mai babban kati a yi wasa mai nauyi na rabin awa a gabanka, ka duba ko an taɓa kwance kusoshinsa, ka tabbata wayoyinsa na asali ne kuma sun cika.

Sabo ma ka ɗaga shi ka ji, na kirki yana da nauyi. Ka gwada lambar jikinsa da ta kwali. Shekarun garanti alama ce mai kyau ta yadda kamfani ya yarda da kayansa: Corsair yana ba jerin RMx shekara 10, Seasonic yana ba jerin Prime 12. Sai dai mayar da kaya Turai ko Amurka daga nan ba ƙaramin aiki ba ne, garantin da zai amfane ka shi ne na wanda ya sayar maka. Ko a Titin Beirut ne a Kano, ko Banex a Abuja, ko an aiko maka daga Ikeja, ka sa a rubuta sunan samfuri da lambarsa da tsawon garanti a rasit.

12. Ka auna akwatinka.

Fawa-fak na ATX faɗinsa milimita 150 ne, tsayinsa 86, amma zurfinsa ya bambanta, daga 140 har zuwa 200 a manyan. Ƙananan akwatuna kuma SFX suke ɗauka. Auna da tef kafin ka fita, ka bar wa wayoyi wurin juyawa.

13. Ranar farko ka gwada, daga baya ka riƙa saurare.

Bayan haɗawa, bar murfin gefe a buɗe, kunna wasa mafi nauyi da kake da shi na kamar awa guda. Kawo hancinka kusa da bakin wayar kati. Ɗumi ba laifi ba ne, warin roba kuwa kashe nan take. In kwamfutar tana mutuwa ɗif a tsakiyar wasa ba tare da wani saƙo a allo ba, ko tana sake tashi da kanta, fara zargin fawa-fak ko wutar bango kafin ka zargi kati. Siririn kukan da wasu ke yi idan wasa ya yi nauyi yawanci ba haɗari ba ne, amma ƙarar tartsatsi ko fanka mai gurnani dalilin zare fulogi ne. Duk bayan wata biyu ko uku, da kuma duk lokacin da aka matsar da akwatin don shara, a sake haska bakin nan mai fin 16 a tabbata bai ja baya ba.

In ya lalace, kada kowa a gidan ya kwance shi don ganin ciki. Babban ma'ajin cajin da ke cikinsa yana riƙe kusan bolt 400, kuma yana iya ci gaba da riƙe su bayan an zare fulogi. A mayar wa mai shago da rasit in garanti bai ƙare ba. In ya ƙare a sayi sabo, kada a mayar da wanda aka yi wa faci kan katin.